Yadda na ƙare da katin bashina na Ingila da makin da na tara bayan na dawo Abuja

Tunda na tattaro iyali muka dawo gida, tambaya biyu ce ke bina duk inda na zauna, ta farko wai me ya dawo da ni alhali kowa neman hanyar fita yake, wannan kam a bar ta tsakanina da maman yara, ta biyu kuma masu shirin dawowa ne ke yin ta, ya na yi da katin bashina na can, ina makin da na tara, wato ladan da kamfanin katin ke bayarwa in ka yi sayayya da shi, kuma shin tarihin biyan bashin nan da Turawa suka ɗauka da girma yana bin mutum zuwa Najeriya. Gajeriyar amsa dai ita ce tarihi ba ya ƙetare iyaka ya zo nan, maki kuma yana iya tsira amma sai in ka kwashe shi tun kafin ka taɓa katin. Bari in faɗi yadda abin ya gudana daki daki don wani ya huta da yawon da na sha.

Na yi shekaru ina aiki a Leeds, kuma tun zuwana aka ce mun in ba ka da tarihi a wajen kamfanonin nan uku masu tara bayanan bashi, Experian da Equifax da TransUnion, to ko wayar kwantiragi sai ta gagare ka balle hayar gida mai kyau ko bashin gida. Shi ya sa na karɓi kati, amma da sharaɗin da na gindaya wa kaina saboda maganar riba, duk abin da na kashe a wata sai an cire shi gaba ɗaya daga asusuna kafin ranar biya ta wuce, ta haka ko kwabo na kuɗin ruwa bai taɓa hawa kaina ba. Na san malamai sun yi saɓani ko a kan wannan ɗin ma, kowa ya tambayi malaminsa, ni dai abin da na yi ke nan. Cefane, man mota, tikitin zuwa gida hutu, duk da katin nake biya, maki na taruwa a hankali, lambata a Experian, wadda ke nuna yadda mutum ke biyan bashi, kuma ta haura sosai, a lokacin ma'auninsu a 999 yake tsayawa ni kuma ina kusa da can sama, har ina jin kaina wani abu.

Da maganar dawowa ta tabbata, kamfanin katin na fara kira. Bayan dogon jira da kiɗan nan nasu mai sa barci wata mata ta ɗauka, na ce mata zan koma Najeriya da zama ina so a mayar da katina can. Ta ce ba su da wannan tsarin zuwa Najeriya, kuma ƙa'idar katin ita ce mai shi ya kasance mazaunin Birtaniya, ranar da na sa adireshin waje suna da ikon rufe shi. Daga baya na fahimci yadda abin yake, kamfani irin American Express yana da tsarin da in kana da katinsu a ƙasa ɗaya za su duba mu'amalarka da su su ba ka sabo a wata ƙasar, amma tsakanin ƙasashen da su da kansu suke fitar da kati ne, irin su Amurka da Kanada da Ostireliya. A nan gida ko ka ga tambarin babban kamfani a jikin kati, wani banki ne na nan ya fitar da shi, kuma da idonsa zai auna ka ba da idon Landan ba. Sai na tambaye ta makin fa, ta ce in aka rufe kati maki na nan a ciki to ɗan wa'adi kaɗan ake bayarwa daga nan ya tafi, babu mai dawo mun da shi. Wannan maganar ce ta sa na ce mata kar ta taɓa komai tukuna, zan sake kira.

Abu na gaba na zauna na sauke rahoton tarihina daga dukkan kamfanonin uku, doka ta ba kowa damar karɓar nasa kyauta, na ajiye a PDF na kuma buga a takarda, na haɗa da sitetmen na banki da na kati na watannin baya masu yawa da takardun albashi. Na yi haka ne da tunanin zan ajiye su a gaban manajan banki a Abuja ya gani ya jinjina. Za ku ji yadda aka yi da su. Duk da haka ina ba kowa shawara ya sauke nasa kafin ya taso, don shiga waɗannan shafukan daga Najeriya wahala ce, suna neman adireshin can da lambar wayar can, kuma bayanan mutum shekara 6 suke zama a wajensu, asusun da ka rufe bayan shekara 6 zai ɓace daga rahoton kamar ba a yi ba, haka ma bashin da ka gudu ka bari shekara 6 zai yi yana maka tambari.

Maganar maki ita ta fi cin lokacina don sai da na yi lissafi. Ana iya mayar da shi kuɗi a rage bashin katin, ko a karɓi katin sayayya na shaguna, amma duk wanda ya lissafa zai ga a nan ne makin ya fi arha, darajarsa na fitowa ne in an tura shi kamfanin jirgi. To wane jirgin? Ni tambayar da na yi wa kaina ita ce wane ne ke sauka a filin jirgin Nnamdi Azikiwe, don ba amfanin tara makin jirgin da sai na je Legas zan hau shi. British Airways na tashi daga Heathrow kai tsaye zuwa Abuja kuma makinsu shi ne Avios, sannan tun 2022 Qatar Airways ma ta koma amfani da Avios ɗin, kana iya haɗa asusun biyu ka riƙa tura maki daga wannan zuwa wancan ɗaya bisa ɗaya ba ragi, ita kuma Qatar tana zuwa Abuja tana zuwa Kano, daga Doha kuma ga Jidda ga Madina. Da na ga haka sai Hajiyarmu ta faɗo mun a rai, na ce wannan makin na Umara ne in Allah ya yarda. Virgin Atlantic ma na duba don nasu makin ba ya mutuwa, amma Legas suke sauka, sai na bar su. Abu biyu da ya kamata mutum ya sani kafin ya danna, in ka tura maki daga kati zuwa jirgi ba ya dawowa, kuma Avios na mutuwa in aka yi wata 36 ba ka ƙara ko ka kashe ko ɗaya ba.

Na danna turawa sai abu ya ƙi tafiya. Ashe sunan da ke kan kati da wanda ke asusun jirgi dole su zama iri ɗaya harafi da harafi, ni kuma sunan mahaifina a fasfo da "o" aka rubuta shi tun a ofishin fasfo na gida, a katin kuma da "u" yake yadda muke rubutawa a gidanmu, ga sunana na tsakiya da ke wani wuri babu shi a wani. Duk Bahaushen da ya taɓa cike fom a ƙasar waje ya san wannan ciwon kan. Sai da na tura wa kamfanin katin hoton fasfo suka gyara sunan ya dace da na fasfo, aka ɗan ɗauki kwanaki, sannan na sake turawa ya wuce, na ga makin ya sauka a asusun jirgi da idona na ɗauki hoton allon na ajiye. Bayan nan ne na biya ragowar abin da ke kan katin, na jira sitetmen na gaba ya fito da sifili, don wani lokaci akwai ɗan cajin da ke biyo baya, sannan na kira na ce a rufe kuma a aiko mun da shaida a rubuce ta imel. Wasu abokai sun ce in bar katin a buɗe da adireshin wani ɗan uwa a Bradford, mutane da yawa na yin haka, ni dai ban yi ba, don faɗa wa mai ba ka bashi kana zaune inda ba ka zaune ƙarya ce, kuma ko ka riƙe shi yawancin katunan can suna cajin kusan kashi 3 cikin ɗari a duk sayayyar da ka yi da kuɗin da ba fam ba, cire tsabar kuɗi a ATM kuwa tun ranar kuɗin ruwa ke fara hawa.

Layin wayata na can shi kam ban yar ba, kuma wannan ne abin da ya fi yi mun rana. Na mayar da shi na sa kati maimakon kwantiragi, yana cikin wata tsohuwar waya a durowa, lokaci lokaci ina tura saƙo ɗaya da shi don in an daɗe ba a yi amfani da layi ba suna kashe shi. Duk lambar sirrin da bankin can ko asusun jirgi zai turo ta nan take shigowa. Na kuma bi kamfanin wuta da gas da ruwa da intanet da harajin ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya na ba su ranar tashina na biya bil na ƙarshe, don bashin fam ashirin da aka aika tsohon gidanka ba ka gani ba ya isa ya ɓata tarihin da ka yi shekaru kana gini. Na cike fom ɗin P85 na hukumar haraji ta HMRC, wanda ake sanar da su mutum ya bar ƙasar, ta nan ne in ka biya haraji fiye da ƙima suke dawo maka da shi.

To mun sauka Abuja, muka fara zama wajen Yayana a Gwarinpa kafin mu samu namu wurin. Neman haya ne ya fara nuna mun na dawo gida, ba wanda ya tambaye ni wata lamba ko tarihi, ejan ya ce kuɗin shekara cif a hannu, ga nasa kason ga na lauya ga kuɗin ajiya na ɓarna, mai gidan kuma abin da ya dame shi a ina nake aiki kuma mu nawa ne. Yaya yana ta mun dariya da ya ga fayil ɗina, ya ce kai dai ajiye takardun Turawan nan, nan alat ake gani.

Na tafi bankin da nake da tsohon asusu tun lokacin bautar ƙasa, reshensu na Wuse 2. Na karɓi lamba na zauna, sanyin AC kamar a kwana amma layi ba ya motsi, can aka kira ni teburin kwastomomi aka ce asusun ya yi barci tunda an daɗe ba a taɓa shi ba, sai na kawo NIN da BVN da hoto da shaidar inda nake zaune, wato bil ɗin wuta ko rasit ɗin mita na AEDC. BVN ina da shi, tun bayan da Babban Banki ya ƙaddamar da shi a 2014 na yi, NIN kuma na yi a wani zuwa hutu, sai dai matsalar harafin nan ta sake tasowa, sunan BVN daban na NIN daban, kwamfuta ta ƙi haɗa su. Aka ce in je kotu in yi takardar rantsuwa cewa duk sunayen nan mutum ɗaya ne, na je na yi, kuɗin ba yawa sai dai masu tare ka a bakin ƙofa suna cewa Alhaji kawo a yi maka sauri, kar ka kula su ka shiga ciki da kanka. Na dawo banki aka cike fom ɗin gyaran BVN, ranar kuma netwok ya ɗauke, aka ce in dawo. Da aka gyara ne na samu na buɗe asusun dala da na fam, shi kuma sai da na nemo mutum biyu masu asusun karent su tsaya mun, Yaya da wani abokin aikinsa suka sa hannu.

Sai na kawo maganar da ta kai ni. Na zaro fayil na ajiye wa jami'ar da aka haɗa ni da ita, wata Bahaushiya mai kirki, na ce ina son katin bashi ga tarihina na Ingila. Ta buɗe ta duba shafi biyu don kar in ji ba daɗi, ta rufe ta ce ranka ya daɗe wallahi abin sha'awa ne, amma babu inda zan shigar da wannan a na'urarmu, mu abin da muke dubawa albashinka yana shigowa nan wajenmu na wasu watanni, sai kuma rahotonka na gida. In kana sauri kuma ka ajiye kuɗi a asusun wa'adi mu ba ka kati a kan wani kaso na abin da ka ajiye. Na ce wato in ba ku kuɗina ku ranta mun kuɗina, ta yi dariya ta ce haka tsarin yake. Da ta karanto mun kuɗin ruwan da ake ɗorawa duk wata sai na ji sha'awar ta fita, ba mamaki kuma tunda a ƙarshen 2024 ma'aunin ruwan Babban Banki kansa ya kai kashi 27.5. Gaskiya ban ga laifinta ba, bankin da ba shi da hanyar tabbatar da takardar da na bugo da kaina, kuma ba shi da yadda zai bi ni Leeds, don me zai yarda da ita.

Kalmar rahoton gida da ta faɗa ce ta tsaya mun, don ni ban ma ɗauka ina da wani rahoto a Najeriya ba. Ashe akwai kamfanoni uku masu lasisin Babban Banki da ke tara bayanan bashi, CRC Credit Bureau da FirstCentral da CreditRegistry, akwai kuma dokar 2017 da ta tsara aikinsu wadda ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, in kana son ƙari ka biya 'yan dubbai, da BVN ɗinka ake nema ta intanet ba sai ka je ofis ba. Na nema ya shigo imel, ina buɗewa na ga sunana da bashin da ba a biya ba. Gabana ya faɗi. Da na duba da kyau wani asusun albashi ne na wurin da na fara aiki kafin in fita, a wani bankin daban, babu kuɗi a ciki amma caji na ta hawa har ya koma bashi, kuɗin bai kai na cefanen sati ba amma a takarda sunansa bashin da ya lalace, kuma duk bankin da ya duba abin da zai gani ke nan. Mutumin da ke alfahari da lambarsa a Ingila ga shi a gida an rubuta shi cikin masu taurin bashi.

Gyaran wannan ne ya fi komai cin rai. Kamfanin rahoto ba ya goge komai da kansa, abin da banki ya aiko masa shi yake nunawa, saboda haka bankin za ka bi. Na je reshensu na Garki aka ce asusun na reshen da aka buɗe shi ne sai an tura musu saƙo, na rubuta wasiƙa da hannu aka buga mata hatimin karɓa na riƙe kwafi, wannan kwafin mai hatimi kar ka yarda ka fita babu shi. Na yi ta sintiri, yau mai sa hannu ya fita, gobe ana jiran hedikwata, har mai gadin ƙofa ya san ni yana cewa Alhaji yau ma kai ne. A ƙarshe suka yafe wani ɓangare na cajin na biya sauran, na ce a rufe asusun kuma a ba ni takardar shaidar ba sa bina bashi. Da wannan takardar na shigar da ƙorafi wajen kamfanin rahoton, sannan na jira zagayen da bankuna ke aika sabbin bayanai, da na sake dubawa an gyara. Sai na duba sauran kamfanonin biyu ma don ba lallai abin da ke wajen ɗaya ya zama shi ne a wajen ɗayan ba.

Katin bashi dai har yau ban karɓa ba a nan, kuma ban ji na rasa komai ba, katin cire kuɗi da taransfa sun ishe ni, ga shi a tsakiyar 2025 wasu bankuna sun dawo da damar sayayya a shafukan waje da katin naira bayan shekarun da aka yi an toshe. Da na tashi sayen mota bankin da ba ya mu'amala da ruwa na nufa, muna da su hedikwatarsu ma a nan Abuja take, Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank da ya zo a 2019, tsarin murabaha ne, su saya su sayar maka da ribar da aka yi yarjejeniya ka riƙa biya wata wata. Su ma sai da suka duba rahoton nan na gida da sitetmen na albashi, da ban share wancan tsohon bashin ba da a nan zan maƙale ban san dalili ba. Wannan biyan da nake yi duk wata shi ne tarihina na farko na kirki a Najeriya.

Wani abin da ya ba ni mamaki, hanyar da ta toshe daga can zuwa nan a buɗe take kaɗan daga nan zuwa can. Akwai wani kamfani Nova Credit da ke ɗaukar rahoton mutum na ƙasarsu ya fassara shi yadda masu ba da bashi a Amurka ko Birtaniya za su gane, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da yake karɓa. Ba kowane banki ke aiki da su ba amma akwai masu yi. Na zaunar da ƙanena da ke shirin fita karatu na ce masa ka ga manhajojin bashin nan na waya da kuke karɓa ku cire sim ku yar, masu rajista a cikinsu suna kai sunanka wajen kamfanonin nan da BVN ɗinka, kuma tun 2020 akwai tsarin GSI da ke ba banki damar zaro bashinsa daga duk wani asusunka a wani bankin. Ya yi shiru, daga baya ya zo ya ce Yaya ya ake duba rahoton nan.

Wanda ke shirin tasowa, jerin da zan ba shi shi ne ya fara daidaita sunansa a fasfo da kati da asusun jirgi da BVN da NIN tun yana can, yanzu ma Babban Banki ya fito da hanyar yin BVN daga ƙasar waje tun 2025. Sannan ya kwashe maki ya ga saukarsu, sannan ya biya ya rufe kati ya karɓi shaida, canza adireshi shi ne na ƙarshe. Ya nemi rahotonsa na Najeriya tun kafin ya sayi tikiti, don in akwai tsohon asusu da ke ci masa suna gara ya sani da wuri ya sa a fara bin sa. In kuma yana ganin zai iya komawa cikin 'yan shekaru, ya tambayi bankinsa na can ko suna barin wanda ya bar ƙasa ya riƙe asusun ajiya da adireshin waje, wasu na bari wasu ba sa bari, a rubuce zai nemi amsar.

Makin kuwa na tura su asusun Qatar na nema wa Hajiya kujera. A nan ma mutum ya sani tikitin maki ba kyauta ba ne, haraji da cajin jirgi da kuɗi ake biyansu, kuma kujerun da ake warewa na maki kaɗan ne, na azumi tun da wuri suke ƙarewa musamman goman ƙarshe. Ban samu na Ramadan ba sai na ɗaukar mata na watan Rajab daga Kano, ƙanwata za ta raka ta da tikitin kuɗi, ragowar makin kuma na sa tunatarwa a waya in motsa su kafin wata 36 ɗin ta cika.